Tazara da Tsawon Lokacin Tafiya Tsakanin Filayen Jiragen Sama Biyu na Yanki: Tambayoyi da Amsoshi

Mafi yawan mutanen da suke shirin hawa jirgi zuwa garin da ba shi da nisa sosai sukan yi lissafi a zuci, su raba tazarar da gudun jirgin, daga baya kuma su tarar cewa abin da aka rubuta a tikiti ya kusan ninka abin da suka samu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin irin waɗannan matafiya, an jero su daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Me ake nufi da filin jirgin sama na yanki?

Shi ne filin da yake yi wa gari ɗaya ko lardi ɗaya hidima, wanda yawancin jiragen da ke sauka a cikinsa daga garuruwan kusa suke tasowa, ko kuma daga babban filin da ake canza jirgi. Titin tashinsa yakan zama gajere, jiragensa 'yan kaɗan ne a yini, wani ma ba ya aiki da dare saboda rashin fitilu ko rashin ma'aikata. A ƙasar Norwe akwai filaye da dama da titinsu bai wuce mita 800 ba, titin filin Lukla da ke cikin tsaunukan Nepal kuwa mita 527 ne kacal. Girman fili yana iyakance irin jirgin da zai iya sauka a kansa, irin jirgin kuma shi ne abu na farko da ke yanke tsawon lokacin tafiya.

Yaya ake auna tazarar da ke tsakanin filaye biyu?

Kowane fili yana da wurin da aka ayyana a matsayin tsakiyarsa, an kuma rubuta matsayinsa da lambobin latitud (nisansa arewa ko kudu) da longitud (nisansa gabas ko yamma). Daga wannan wuri ake jan layi mafi gajarta a kan doron duniya zuwa tsakiyar ɗaya filin. Da yake duniya dunƙulalliya ce, layin yana bin lanƙwasarta ne, shi ya sa masana suke kiransa layin babban da'ira. Wanda ya sami ƙwallon taswirar duniya ya ɗora zare a kan garuruwa biyu ya ja shi ya miƙe, to ya ga wannan layi da idonsa.

A kan shimfiɗaɗɗiyar taswira irin wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569, layin yakan fito a karkace, musamman idan tafiyar doguwa ce kuma a can arewacin duniya. Amma a tafiyar kilomita ɗari uku ko ɗari biyar, bambancin da ke tsakanin layin babban da'ira da layin da aka ja da abin rula a kan takarda ƙanƙane ne ƙwarai, har matafiyi zai iya ƙyale shi.

Me ya sa wani shafi ya ce 400, wani ya ce 249, wani kuma 216, alhali filayen ba su canza ba?

Duk ukun gaskiya suka faɗa, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko da kilomita ya auna, na biyu da mil na tudu wanda yake mita 1,609, na uku kuma da mil na teku wanda yake mita 1,852. Matuƙa jirage da masu kula da zirga-zirgar sama da mil na teku suke aiki, gudun jirgi kuma suna auna shi da not, wato mil na teku ɗaya a cikin sa'a ɗaya. Saboda haka kafin a kwatanta alƙaluma biyu, a fara duba ma'aunin da aka rubuta a gefensu.

Idan ma'aunin ɗaya ne amma har yanzu akwai saɓani, to a duba ko daga tsakiyar gari aka auna ko daga filin jirgi, domin wasu filayen suna nesa da garinsu da kilomita talatin ko fiye. Haka kuma akwai biranen da ke da filaye biyu ko uku. Hanyar da ta fi tsare mutum daga kuskure ita ce amfani da lambar filin mai haruffa uku, wadda ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA take bayarwa kuma ake bugawa a tikiti da jikin jaka, ko mai haruffa huɗu ta ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, wadda matuƙa suke amfani da ita.

Mutum zai iya lissafa tazarar da kansa?

Zai iya, muddin tafiyar gajera ce. Digiri ɗaya na latitud daidai yake da mil na teku 60, wato kimanin kilomita 111, a ko'ina a duniya. Digirin longitud shi ne mai canzawa: a kan layin ikwaita kilomita 111 ne, yana ta raguwa yayin da ake nufar arewa ko kudu, har ya koma rabi, kusan kilomita 56, a latitud 60.

A ɗauki filaye biyu a wajajen latitud 10, ɗaya ya fi ɗaya arewa da digiri 2, ya kuma fi shi gabas da digiri 3. Tazarar arewa kilomita 222 ce. A wannan latitud digirin longitud kusan kilomita 109.6 ne, don haka tazarar gabas ta kama 329. Sai a ninka kowace lamba da kanta, a haɗa su, a fitar da tushen jimlar kamar yadda ƙa'idar Pythagoras ta koyar, a sami kimanin kilomita 397. Idan tazarar ta kai dubbai wannan hanya ba ta wadatarwa, dole a koma ga lissafin da ya yi la'akari da lanƙwasar duniya, wanda a cikinsa ake ɗaukar rabin faɗinta a matsayin kilomita 6,371.

Wane irin gudu jiragen da ke zirga-zirga tsakanin waɗannan filaye suke yi?

Ƙaramin jirgi mai injin ɗaya kamar Cessna Caravan yakan yi kimanin kilomita 340 a sa'a. ATR 72, mai farfela biyu da kujeru kusan saba'in, yana yin kusan 510, Dash 8 Q400 kuwa, wanda shi ma mai farfela ne, yana iya haura 650. Masu injin jet irin su Embraer 145 da Boeing 737 da Airbus A320 suna yin 830 ko ɗan fiye da haka. Waɗannan alƙaluma na lokacin da jirgi ya gama hawa ya daidaita ne, kuma gudu ne a cikin iska, wanda ba lallai ya zo daidai da gudunsa a kan ƙasa ba, kamar yadda za a bayyana a gaba, a amsar da ta shafi zuwa da dawowa.

Idan jirgi yana gudun kilomita 800 a sa'a, me ya hana shi cinye kilomita 400 a cikin rabin sa'a?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan batu, kuma wanda ya gane amsarta ya gane sauran. Kowace tafiya, doguwa ko gajera, tana ɗauke da wasu mintuna da ba makawa sai an kashe su. Da farko a tura jirgin baya daga inda yake fake, a tayar da injina, ya gangara a hankali zuwa bakin titin tashi, ya jira izini daga hasumiya. Bayan ya tashi ba ya kama cikakken gudunsa nan take, domin a Amurka da ƙasashe da yawa doka ta hana wuce not 250, kimanin kilomita 463 a sa'a, matuƙar jirgi bai haura ƙafa 10,000 ba. Jirgin jet yakan ɗauki minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin ya kai ƙafa 30,000.

Saukowa ma tana da nata tsari. Matuƙa suna da ƙa'idar da suke kiyayewa, cewa kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana buƙatar mil na teku 3, wato jirgin da ke ƙafa 30,000 zai fara gangarowa tun saura kilomita 167 ya isa. A ƙarshen gangarowar yana rage gudu zuwa kusan kilomita 250 a sa'a, ya daidaita da titin sauka a kan gangare mai digiri 3, ya taɓa ƙasa, sannan ya sake tafiyar hawainiya zuwa wurin sauke fasinja. Idan aka cire nisan hawa da nisan saukowa daga kilomita 400, abin da ya rage na cikakken gudu bai taka kara ya karya ba, 'yan mintuna ne.

Saboda haka ƙiyasin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a raba tazarar da gudun jirgin, sannan a ƙara kimanin rabin sa'a. Da wannan lissafi tafiyar kilomita 400 a jirgin jet ta kama sa'a ɗaya, ta kilomita 800 kuma sa'a ɗaya da rabi. Ga abin lura a nan: an ninka tazarar, amma lokacin bai ninku ba. Wannan rabin sa'a ba ya wani tasiri a tafiyar sa'a goma, a gajeriyar tafiya kuwa shi ne rabin lokacin gaba ɗaya.

Tikiti ya ce sa'a ɗaya da minti goma, matuƙi ya sanar da minti arba'in da biyar. Wanne ne daidai?

Abubuwa biyu daban suke aunawa. Matuƙi yana maganar lokacin da jirgi zai yi a sama ne, daga ɗaga tayoyi zuwa taɓa ƙasa. Tikiti kuwa yana ƙirgawa tun daga lokacin da jirgi ya motsa daga wurin fakinsa har ya tsaya cak a wurin fakin ɗaya filin, wato daga cire katangar da ake tare taya da ita zuwa mayar da ita. Tsakanin Honolulu da Kahului a tsibiran Hawai tazarar kusan kilomita 160 ce, jirgi ba ya cika rabin sa'a a sama, amma jadawali yakan nuna kimanin minti arba'in.

Kamfanoni kuma sukan ƙara 'yan mintuna a jadawali da gangan. A al'adar wannan sana'a, jirgin da ya iso cikin minti 15 daga lokacin da aka rubuta ana ƙirga shi cikin waɗanda suka zo a kan kari, kuma kowane kamfani yana son sunansa ya fito da kyau a wannan ƙidaya. Ƙarin yana da amfani ga matafiyi idan an yi shi daidai gwargwado, domin gara a faɗa wa mutum lokacin da za a iya cikawa da a yi masa alƙawarin da sai an yi sa'a ake cika shi.

Shin jirgi yana bin miƙaƙƙen layin nan da aka auna?

Da wuya ya bi shi daga farko har ƙarshe. Jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, don haka idan iska daga yamma take kaɗawa, jirgin da zai je gabas zai tashi ya nufi yamma tukuna kafin ya yi kwana. Yawancin filaye suna da tsararrun hanyoyin fita da na shigowa, waɗanda aka shata don kauce wa tsaunuka da rage ƙara a kan unguwanni. A tsakani kuma akwai hanyoyin sama da ke bin wasu tashoshi da aka sanya wa suna, ga sararin da aka keɓe wa sojoji wanda dole a kewaye, ga hadari mai tsawa da babu matuƙin da zai ratsa ta cikinsa da gangan.

Kewayen kilomita arba'in ba a jin sa a tafiyar kilomita dubu huɗu, amma a tafiyar ɗari huɗu ya zama kashi goma cikin ɗari. Nan ma gajeriyar tafiya ce take ɗaukar nauyin, kamar yadda aka gani a amsar da ta gabata game da rabin sa'a.

Me ya sa zuwa da dawowa ba sa ɗaukar lokaci ɗaya?

Iska ce. Jirgi yana tafiya ne a cikin iskar da ita ma tafiya take yi, kamar kwalekwale a cikin kogi. A ɗauki jirgin da ke gudun kilomita 500 a sa'a, tazara 600, iska kuma tana kaɗawa da gudun 100. Idan tana bayansa, gudunsa a kan ƙasa 600 ne, zai isa cikin minti 60. A dawowa tana gabansa, gudun ya koma 400, zai ɗauki minti 90. Jimla minti 150 ke nan, alhali da babu iskar da minti 144 za a yi. Mutane da yawa suna zaton ribar zuwa tana biyan asarar dawowa, amma ba ta biya duka, saboda jirgin yana daɗewa a cikin iskar da ke tare shi fiye da yadda yake daɗewa a cikin wadda ke tura shi.

A sassan duniya da ke tsakanin yankin zafi da ƙuryar arewa ko kudu, iska mai ƙarfi a can sama daga yamma take zuwa gabas, kuma ta fi tsanani a lokacin sanyi. Shi ya sa a irin waɗannan wurare jadawalin tafiya yamma yakan fi na tafiya gabas tsawo. Jirgi mai farfela ya fi jin wannan a jikinsa, domin iskar kilomita 100 kashi ɗaya cikin biyar ce ta gudunsa.

Jirgin jet ya fi mai farfela sauri sosai a gajeriyar tafiya?

A takarda, kilomita 400 minti 29 ne ga jet mai gudun 830, minti 47 ga mai farfela mai gudun 510. A aikace ratar takan ragu zuwa minti goma ko goma sha biyar, domin dukansu suna bin layi ɗaya a ƙasa, suna ƙarƙashin dokar gudu ɗaya a ƙasa da ƙafa 10,000, kuma jet ɗin ba ya samun filin da zai nuna ƙarfinsa. Sai tazara ta kai kilomita 1,500 ratar take haura sa'a guda.

Akwai masu ganin farfela su ɗauka tsohon yayi ne. Wannan kuskure ne, domin injin da ke juya farfelar ATR ko Dash 8 ɗan gida ɗaya ne da injin jet, kuma a gajeren zango ya fi tattalin mai nesa ba kusa ba, ga shi yana iya sauka a titin da jet ba zai iya ba. Garuruwa da yawa ba don irin wannan jirgi ba da ba su ga jirgin fasinja ba sam.

Har ina jirgi yake hawa a irin wannan tafiya?

Tazarar ce take yankewa. Masu farfela irin ATR 72 ba sa wuce ƙafa 25,000, kuma a gajeren zango sukan tsaya ƙasa da haka. Jet ɗin da zai iya kai ƙafa 39,000 ba zai ɓata mai wajen hawa can ba idan da isarsa zai fara saukowa. Akwai kuma ƙa'idar raba hanya da ake bi a yawancin ƙasashe: masu nufar gabas suna tafiya a matakai marasa cika kamar ƙafa 21,000 da 23,000, masu nufar yamma kuma a 22,000 da 24,000, don kada a yi karo.

Yaya aka yi tikiti ya nuna tashi ƙarfe 10:00, sauka ƙarfe 10:05?

An tsallaka iyakar agogo ne. Lokutan da ke tikiti na garin da abin ya faru ne, na tashi da agogon garin tashi, na sauka da agogon garin sauka. Wanda ya tashi daga Sifaniya zuwa Fotugal zai tarar agogo ya koma baya da sa'a ɗaya, don haka tafiyar sa'a ɗaya da minti biyar za ta bayyana kamar minti biyar, a dawowa kuma ta bayyana kamar sa'a biyu da minti biyar. Bambancin ba kullum yake zama cikakkiyar sa'a ba, domin tsakanin Indiya da Nepal minti 15 ne. Su ma'aikatan jirage ba sa shiga wannan ruɗani, saboda duk duniya da agogo ɗaya suke aiki, wato UTC.

Me ya sa yanayi ya fi kawo cikas a ƙananan filaye?

Manyan filaye suna da na'urorin da ke jagorantar jirgi har bakin titi ko da hazo ya rufe gari. Da yawa daga cikin ƙanana ba su da su, sai matuƙi ya ga titin da idonsa daga wani nisa da doka ta ƙayyade. Idan ƙura ko hazo ko gajimare ya hana gani, jirgin zai yi ta shawagi yana jira, ko ya karkata zuwa wani fili, ko ma a hana shi tashi tun farko. Wannan ne dalilin da ya sa jiragen Lukla da sassafe suke zirga-zirga, kafin gajimare da iska su taso. Zafi ma yana da nasa tasiri, domin iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga, idan kuma titin gajere ne sai a rage kaya ko fasinja.

Kada shawagin ya tayar wa fasinja hankali. Ƙa'idar ICAO ta wajabta wa jirgi ɗaukar man da zai kai shi inda za shi, da na zuwa filin ko-ta-kwana, da ƙarin na minti 30 ga jirage masu injin tabain (jet da masu farfela irin ATR), wanda ba a taɓawa sai dole ta kama.

Idan babu jirgin da ke tafiya kai tsaye tsakanin filayen biyu fa?

Wannan shi ne halin da aka fi samu, domin ƙananan garuruwa biyu ba safai suke tara fasinjan da zai cika jirgi kullum ba. Sai a bi ta babban fili a yada zango, a canza jirgi. A nan miƙaƙƙiyar tazara ba ta da sauran amfani wajen ƙiyasta lokaci: za a biya rabin sa'ar nan da aka yi bayani sau biyu, a ƙara lokacin jira, ga shi babban filin yana iya kasancewa a wani ɓangare daban da inda aka nufa. Garuruwan da ke da kilomita 400 a tsakaninsu suna iya cin sa'a biyar ko shida ta wannan hanya. Yana da kyau a sayi zangon biyu a tikiti ɗaya, domin idan jirgin farko ya makara, alhakin sama wa fasinja wani jirgin yana wuyan kamfani.

Ban da lokaci, akwai abin da tazarar take shafa?

Tana shafar haƙƙin fasinja a wasu wurare. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tsara diyyar soke tafiya ko dogon jinkiri bisa tazarar babban da'ira: yuro 250 idan ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 zuwa kilomita 3,500, sai 600 ga abin da ya haura haka a tafiyar da ta fita daga Tarayyar. A 2014 kotun Tarayyar ta yanke cewa lokacin isowa shi ne lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi fasinja suka sami damar fita, wanda ya ɗan zarce lokacin tsayawar da aka ambata a amsar tikiti da matuƙi.

Wace ce tafiya mafi gajarta da ake sayar wa tikiti?

Ita ce ta tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a arewacin Skotland, tazarar kilomita 2.7. Kamfanin Loganair ne yake yin ta tun 1967 da ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja takwas. Minti ɗaya da rabi ake ware mata, kuma an taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53 da taimakon iska.

A wace tazara ce hawa jirgi ya fi bin ƙasa?

A auna daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki. A haɗa lokacin zuwa filin jirgi, da sa'a ɗaya ko fiye na tantancewa da bincike, da lokacin da ke tikiti, da jiran kaya, da tafiya daga fili zuwa cikin gari. Tafiyar da tikiti ya ce sa'a ɗaya takan zama uku da rabi ko huɗu. Inda akwai hanya mai kyau ko jirgin ƙasa mai sauri, wuya ne jirgin sama ya yi nasara a ƙasa da kilomita 400 zuwa 500. Faransa ta yi aiki da wannan lissafi a 2023, ta hana zirga-zirgar jirage tsakanin filin Orly na Paris da biranen Bordeaux da Nantes da Lyon, saboda jirgin ƙasa yana kaiwa cikin ƙasa da sa'a biyu da rabi.

Inda teku ko tsauni ko daji ya raba garuruwa biyu kuwa, lissafin juyawa yake yi. Daga Kathmandu zuwa Lukla kimanin rabin sa'a ne a sama, wanda ya zaɓi bin ƙasa kuwa sai ya yi doguwar tafiya a mota sannan ya ƙarasa da ƙafa a cikin tsaunuka.